In kai 'ya'yan mutane zangon sikawut, in bar nawa a gida?

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi miki sannu da ƙoƙari, ke da duk masu taimaka miki a wannan fili. Ni magidanci ne a Zariya, ma'aikacin gwamnati, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Abin da ya sa na rubuto ya shafi ƙungiyar sikawut ta makarantar babban ɗana, wadda nake taimakawa a matsayin ɗan sa-kai. Magana ce da ta faro daga filin makaranta, yanzu ta shigo har cikin gidana ta shiga tsakanina da uwargida. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, don in ban faɗi abin da sikawut ya yi mini ba, ba za ki gane dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai ba.

Na shiga sikawut a 1988, ina aji biyar na firamare. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ɗinka mini kaki da gajeren wando, ya saya mini usur da igiya, malamin sikawut kuma ya ɗaura mini ƙyallen wuya ranar da na ɗaga yatsu uku na yi alkawari: zan sauke nauyin da ke kaina ga Allah da ƙasata, zan taimaki mutane a kowane lokaci, zan bi dokar sikawut. Mun koyi ƙulle-ƙullen igiya, da ɗaure karaya da tsagin kara kafin a kai mutum asibiti, da tsayar da jini, da gaisuwa da hannun hagu wadda kakata ba ta taɓa yarda da ita ba har ta rasu. Mun yi fareti ranar yara ta 27 ga Mayu da ranar 1 ga Oktoba. Amma duk waɗannan share fage ne. Ainihin abin yana zango.

Lokacin hunturu ake kai mu gindin dutsen Kufena. Kowane rukuni yara shida ne zuwa takwas, da sunan dabba, da shugabansa wanda shi ma yaro ne kamarmu. Mu namu rukunin shaho ne. Za a ba ku shinkafa da wake da manja da garin kwaki da tukunya ɗaya, a nuna muku fili, malam ya koma gefe ya zauna. Ku za ku kafa bukka, ku nemo itace, ku jera duwatsun murhu, ku raba aikin ɗebo ruwa da wanke-wanke da gadin dare. In shinkafa ta ƙone ku ci haka nan, gobe ku gyara. In rigima ta tashi, shugaban rukuni ne zai raba, malam ba ya sa baki sai abu ya fi ƙarfin yara. A can na koyi gane gabas ba tare da tambaya ba, a can aka nuna mini kaza da 'ya'yanta a sararin sama, a can kuma na fara sanin cewa in na yi barci a lokacin gadina, mutum bakwai ne na bari ba mai duba su.

Akwai wani abu kuma da sai da na girma na san darajarsa. Shekara guda kafin in shiga, wato a 1987, rikicin da ya taso daga Kafanchan ya iso har Zariya, zukatan manya duk a ɗaure. Amma a rukuninmu akwai mu 'yan birni, akwai yaro daga Wusasa, akwai biyu daga Sabon Gari waɗanda Hausarsu ma ba ta nuna ba. In mun tashi salla su ke duba tukunya, ranar Lahadi da safe mu mu duba musu. Ba wanda ya yi mana lacca a kan zaman lafiya. Tukunya ɗaya ce ta haɗa mu, kuma har yau ɗaya daga cikinsu ba ya fashin zuwa gidana yawon salla.

Daga baya, da na je horon shugabanni, na ji cewa shi ma Baden-Powell, Baturen da ya kafa sikawut, da zango ya fara. A 1907 ya kwashi yara kimanin 20 zuwa tsibirin Brownsea a Ingila, ya raba su rukuni huɗu, sai a shekarar da ta biyo baya littafinsa ya fito. Abin ya iso Najeriya a 1915. Kin ga ke nan kwana a waje ba ƙari ba ne da aka liƙa daga baya, shi ne tushen.

Da ɗana ya shiga ƙaramar sakandare sai na tarar makarantar ba ta da sikawut. A taron iyaye da malamai na tada maganar, wani matashin malami ya ce shi ma ya yi a makarantarsu, muka haɗa kai, muka yi rajista da ofishin sikawut na yanki. Mun sha tambayoyi. Wasu iyaye suka ce abin Nasara ne, muka karanta musu alkawarin da dokokin ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce gajeren wando bai dace da yaron da ya fara tasawa ba, muka koma dogo. Wasu suka zaɓi kai 'ya'yansu ƙungiyoyin 'yan agaji na masallatai, ban ga laifinsu ba, aikin alheri ne su ma suke yi. Muka sa taronmu ranar Alhamis da yamma don kada mu ci karo da Islamiyya. Kuɗin kaki kuma muka yi ta haɗa shi kaɗan-kaɗan, wanda ya fi ƙarfi ya ɗauke wa wanda ba shi da hali. Yanzu muna da yara kusan 30. Suna yashe kwata kafin damina, suna taimakon tsofaffi a filin idi, sun iya fareti har ana tafa musu. Abu ɗaya ne ba mu taɓa yi ba: ba mu taɓa kwana a waje ba.

To, sai ga takardar gayyata. Za a yi zangon kwana uku na makarantun yankinmu a hutun ƙarshen shekara, a harabar wata makaranta da ke bakin gari. Akwai katanga, an ce za a kawo 'yan sanda da 'yan sintiri. Yara suka yi ta murna kamar an ce musu gobe salla. Na raba takardun neman izinin iyaye, mafi yawa suka dawo da sa hannu. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda suka sa hannun. Kusan kowane uba da ya kira ni abu ɗaya ya faɗa: "Tunda da kai za a je, mun yarda." Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta aiko a kira ni har ƙofar gida, ta ce, "Malam, shi kaɗai ne namijin da nake da shi, na ba ka amanarsa."

Takarda ɗaya ce ba ta dawo ba, ta gidana.

Uwargida ta zaunar da ni bayan isha'i. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Malam, ka manta da Ƙanƙara?" Ta tuna mini daren Disamba na 2020 da aka kwashe yara maza sama da 300 daga makarantar kwana. Ta tuna mini Jangebe a 2021, da harin da aka kai kwalejin Nuhu Bamalli a shekarar 2021 ɗin, nan gefen Zariya, ba wata uwa duniya ba. Ta tuna mini Kuriga a Maris na 2024, inda da safe ma aka je, ba dare ba. Ta ce su ma waɗancan iyayen ba don ba sa son 'ya'yansu suka kai su ba, sun ɗauka wurin amintacce ne. Ta ce tara ɗaruruwan yara a bakin gari har kwana uku, ana sanarwa, ana buga ganga, kiran mugu ne. Sannan ta rufe da maganar da har yanzu take yi mini yawo a kai: "Kai ne maigida. In ka ce zai je ba zan tare ƙofa ba, amma ba da yardata ba."

Hajiya, ban ga laifinta ba ko kaɗan. Mace ce mai hankali, kuma ita ta fi kowa goyon bayana tun farko, ita ke guge kakinmu ni da yaron. Duk abin da ta lissafa ya faru, ba ƙirƙira ta yi ba. Zangon da nake tunawa a Kufena, abin tsoronsa bai wuce kunama da maciji da sanyin asuba ba. Wancan zamani ya wuce.

Amma dubi inda na tsaya. In na tafi da yaron ba da yardar mahaifiyarsa ba, ko da mun dawo lafiya na karya wani abu tsakanina da ita, kuma na koya wa yaro cewa ana iya tsallake maganar uwa in uba ya tsaya maka. In na bar shi a gida na tafi da sauran, da wane ido zan kalli waɗanda suka sa hannu saboda ni? Za a ce wurin da bai yarda ya kai nasa ba, can ya kai na mutane, kuma in an faɗi haka ba a yi mini ƙarya ba. Wani abokina ya ce in ce yaron ba shi da lafiya. Wannan ba zan iya ba. Dokar sikawut ta farko ita ce a iya amincewa da maganarka, ni nake karanta musu ita duk Alhamis, kuma yaron yana tsaye a sahu yana ji. In kuma na janye ƙungiyar gaba ɗaya, na san abin da zai biyo baya. Manyan yaran sun riga sun fara gajiya. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Baba, mu sikawut ɗinmu na maci ne kawai?" Masu shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar ɗin nan su na fi jin tsoron rasawa, don na san abin da ke jiransu a majalisun bakin titi, daga ƙwaya har abin da ya fi ta.

Shi kuma ɗan nawa, yara ne da kansu suka zaɓe shi shugaban rukuninsu, ban sa baki ba, har fita na yi daga ajin lokacin zaɓen. Ya shirya jadawalin girki da na gadi a bayan littafinsa. Da ya ji maganar mahaifiyarsa bai yi musu ba, bai yi kuka ba, ya dai rage magana a gida. Ya tambaye ni sau ɗaya wa zai riƙe rukunin in bai je ba, na ce masa mataimakinsa, ya ce to.

Na nemi shawara a kusa kafin in zo gare ki. Yayana ya ce in fasa kawai, rigakafi ya fi magani, babu lambar yabon da ta kai ran yaro. Limamin unguwarmu ya kawo hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali, ya ce babu wanda ke gudun ƙaddara amma ba a jefa kai ga halaka, ya kuma ja hankalina cewa haƙƙin uwa a kan ɗa ba abin wasa ba ne. Matashin malamin da muke aiki tare ya ce in muka biye wa tsoro, to makarantar bokon ma sai a rufe, kuma haka masu satar yaran suke so. Na je har gida wurin tsohon malaminmu na sikawut, ya tsufa sosai yanzu. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi a zamaninsa bai taɓa ɗaukar irin wannan nauyi ba, ba zai ce mini je ko kar ka je ba, sai dai ya yi mini addu'a.

Inda zuciyata ta fi karkata shi ne mu haƙura da babban zangon, mu yi namu a harabar makarantarmu da ke tsakiyar gari, kwana ɗaya ko biyu, ba sanarwa, iyaye maza su yi karɓa-karɓar gadi a ƙofa, iyaye mata su zo su ga taron wuta da dare kafin su koma. Yara su kafa bukkokinsu a fili, su yi girkinsu da kansu, mu manya mu ja gefe. Sai dai shugaban makaranta yana ɗari-ɗari, ya ce in wani abu ya faru shi za a fara tambaya. Yaran sun ce kwana a inda suke wasan ƙwallo kullum ba zango ba ne. Kuma za su rasa abin da ni na fi so su samu, wato haɗuwa da yaran wasu unguwanni da wasu addinai, don makarantarmu kusan duk 'yan unguwa ɗaya ne. 'Ya'yanmu suna tashi daga gida zuwa makaranta zuwa Islamiyya zuwa waya, ba su san kowa a ƙetaren gari ba. Wannan ma haɗari ne a wurina, ko da yake ba ya zuwa da bindiga.

Don haka, Hajiya, ki duba mini. Shin ya halatta gare ni in jagoranci 'ya'yan mutane zuwa inda nawa ba zai je ba, in dai na fito fili na gaya wa iyayen dalili, kowa ya sake shawara? Ko kuwa da zarar na faɗa musu, na riga na kashe tafiyar, gara in janye da kaina tun yanzu? Sannan ta yaya zan yi wa uwargida magana a kan ƙaramin zangon cikin gari ba tare da ta ga kamar zagaye nake yi mata ba? Shi kuma yaron, me zan ce masa da ba zai sa ya riƙe mahaifiyarsa a zuci ba? Wannan na ƙarshen ya fi damuna fiye da zangon kansa.

Ina roƙon in akwai shugabannin sikawut ko na 'yan agaji ko iyaye a cikin masu sauraro, musamman daga Katsina da Zamfara da Neja da nan Kaduna, waɗanda suka samo hanyar da yara ke kwana a waje cikin aminci a wannan yanayi, su taimaka su faɗi yadda suka yi. An ba mu zuwa kafin fara jarabawar ƙarshen zangon karatu mu miƙa sunaye. Uwargida ba ta fashin sauraron filinki, kuma na gaya mata na rubuto, ta ce za ta saurari abin da za ki ce.

Allah ya saka da alheri, ya tsare mana 'ya'yanmu baki ɗaya.

Wassalam,
Wani uba, daga Zariya