A Daina Wanke Miyagun Labaran Zane

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da jaridarku ta buga kwanan baya kan yadda matasanmu suka rungumi littattafan labaran zane, kuma ina so in ja hankali kan yadda wasunsu ke wanke miyagun cikin labaran har suna mayar da su gwaraza.

A nan Jos ana sayar da riguna masu fuskar Joker, mugun da DC, kamfanin buga labaran zane na Amurka, ya fito da shi a 1940, matasa kuma suna sawa da alfahari. Idan ka tambaye su, sai su ce ai duniya ce ta ɓata shi, ba sa ko ambaton bayin Allah da ya kashe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne 'yan matan da ke kiran zamansa da Harley Quinn, budurwarsa a cikin labaran, soyayya, alhali duka da wulaƙanci take sha a hannunsa, ga shi muna da mata da yawa da ke haƙuri da irin wannan a gidajen aurensu.

Ina roƙon malaman sakandare su kafa ƙungiyoyin karatu inda za a riƙa karanta littattafan tare da ɗalibai, a tambaye su wa aka zalunta a labarin kafin a tattauna uzurin azzalumin.

Na gode.

Wani malamin makaranta,
Jos.