Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke kula da rukunin gidajenmu na 'yan fansho a Kano

Ranka ya daɗe Shugaban Kamfani, assalamu alaikum.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Shekara 35 na yi ina riƙe alli, kuma da kuɗin sallamata na sayi gida a wannan rukuni, saboda kun ce wuri ne da dattijo zai zauna ya huta. Na kawo maganar bainar jama'a ne don wasiƙu uku na rubuta muku, ko ɗaya ba a amsa ba.

Injin rijiyar burtsatse ya ƙone, mako bakwai ke nan. Inji dai ba ya rantsuwa, kowa ya san yana lalacewa. Abin da ya fi ci mana rai shi ne rashin wurin kai kuka. Akwatin ƙorafin da kuka kafe a bakin ƙofa, mabuɗinsa na hannun manajan da muke ƙorafi a kansa. Ranar da aka buɗe shi a gabana, takardata ta farko na ciki, ruwan sama ya jiƙa ta, tawada ta narke, gizo-gizo har ya yi saƙa a kai. Idan ka kira waya, amsa ɗaya ce: "Baba, a ƙara haƙuri, ana kan magana."

Maƙwabciyata, gwauruwa mai ciwon gwiwa, yanzu 'yan garuwa take jira, alhali ta biya kuɗin hidima na shekara cif. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kun ƙara wannan kuɗi sau biyu. Mun san komai ya yi tsada, mu ma kasuwa ɗaya muke ci. Amma ina lissafin? Da wani dattijo ya tambaya a taro, sai aka cire shi daga zauren WhatsApp na mazauna, wai ya cika surutu. Mutumin da ya yi jika da wanda ya cire shi!

Haka rigimar magudanar ruwa tsakanin gidaje biyu: manaja ya saurari ɓangare ɗaya ya yanke hukunci, yau masu gidajen ko gaisawa ba sa yi a masallaci.

Ku buɗe rajistar ƙorafi, kowa a ba shi lamba da ranar da zai ji amsa a rubuce. Ƙorafin da ya shafi manaja kuwa, wani daban ya duba. A kafa kwamitin sulhu da wakilan da mu muka zaɓa, a kuma liƙa lissafin kuɗin hidima a allo.

Mun ba ku kwana 14. Idan shirun ya ci gaba, za mu kai takardunmu da rasiɗanmu ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta ba ikon sauraron irin wannan koke. Mutum 23 sun riga sun sa hannu.

Naku,
Wani mazaunin rukunin, a madadin sauran dattawa.