Godiya ga ofishin tikitin da bai ɓoye mana lissafin tafiya ba

Zuwa ga Manaja da ma'aikatan ofishin sayar da tikitin jirgi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin abin da aka yi mana a ofishinku ya wuce yankan tikiti.

Mahaifiyata zan raka, ga shi ba ta jure dogon zama, kuma muna da wani jirgin da za mu kama a gaba. Tsakanin ƙananan filayen jirgin biyu kilomita 500 ne ko kusa da haka, amma tikiti ya nuna awa ɗaya da minti 20. Na tambayi Malamar da ke kan tebur dalili, tunda kowa ya ji cewa jirgi irin Boeing 737 yana cin fiye da kilomita 800 a awa. Wani wurin, "haka kwamfuta ta nuna" za a ce maka, a kira na bayanka. Ita kuwa sai ta juya takardar rasit, ta ɗauki biro ta ja layi mai hawa, ya ɗan miƙe, ya gangaro.

Ta ce namu jirgin ATR 72 ne, mai farfela, gudunsa wajen kilomita 500 a awa. Sannan lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga mazauninsa har ya tsaya cik a wancan filin. Rarrafen zuwa titin tashi da jiran izinin hasumiyar kula da tashi da saukar jirage duk suna ciki. Ko jet ne ma irin Boeing 737 ɗin, a gajeriyar tafiya bai gama hawa ba sai a ce ya fara sauka, kuma a ƙasashe da yawa ba a yarda ya wuce kimanin kilomita 460 a awa ba muddin yana ƙasa da ƙafa 10,000. Ga iska: in ta bayan jirgi take, ta rage maka hanya, in ta gaba ce, ta ƙara. Shi ya sa zuwa da dawowa ba lallai su zo daidai ba.

Har ta sa Hajiya dariya da labarin jirgin da ke tashi tsakanin tsibiran Westray da Papa Westray a Sikotilan, inda tazarar ba ta kai kilomita 3 ba, ɗaura bel ɗin kujera ya fi tafiyar daɗewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ta hana mu tikitin da na fara nunawa. Ta ce ratar da ke tsakanin saukarmu da jirgi na biyu ta yi kaɗan ga mai ɗaukar kaya daga bel ya sake awo, balle da tsohuwa a keken guragu. Ta mayar da mu na safe, ta rubuta buƙatar keken a kan tikitin. Muna sauka kuwa muka tarar da shi a gindin matakala. Jirginmu ya ɗan makara, da tikitin da na fara nunawa muka yanka, da sai dai mu hangi wutsiyar na biyun.

Ranka ya daɗe Manaja, ma'aikaciya irin wannan riƙe ta ake yi da hannu biyu. Ina kuma roƙon ku buga wancan zanen nata ku manna kusa da layin masu sayen tikiti, don na ji mutum biyu a bayana suna irin tambayata. Hajiya na gaishe ta, tana sa mata albarka. Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa.

Naku,
Wani fasinja