Kafin mu ce a ba mu mashinga kamar Amurka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in tanka wa wata magana da ta yi yawa a bakin matasanmu na zango, musamman idan aka wayi gari da labarin an tare motar fatake tsakanin Techiman da Kintampo a nan Ghana. Cewa suke yi da gwamnati ta bar ɗan kasuwa ya riƙe bindiga mai sarrafa kanta, kamar yadda ake yi a Amurka, da 'yan fashi sun shiga taitayinsu. Hujjarsu a waya take: Bature da ƙaton tumbi, ya toshe kunnuwa, yana ɓarin wuta a fili, kwanson harsashi na zuba a gefensa, 'yan kallo na tafi.

Ni goro nake kaiwa arewa, na san hanyar nan da daddare, kuma ina da bindigar farauta mai baki ɗaya da takardarta. Saboda haka ba tsoron ƙarfe ne ya sa ni rubutu ba.

Gaskiya ne a Amurka farar hula na iya mallakar mashinga, amma bidiyon ba ya nuna yadda aka yi ta zo hannunsa. Tun 1934, bayan 'yan dabar Chicago irin su Al Capone sun addabi jama'a da bindigar Thompson, aka yi dokar da ta ce kowace mashinga sai an yi mata rajista a gwamnatin tarayya, kuma duk lokacin da za ta sauya hannu sai an biya harajin dala 200. A wancan zamani kuɗin bindigar ke nan sukutum, wato an ninka mata farashi da gangan. Mai saye zai ba da hotonsa da zanen yatsunsa, hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi ta bincika tarihinsa, ya zauna jiran amsa. In ya kuskura ya riƙe wadda ba ta cikin rajista, ɗaurin zai iya kai shekara 10.

Sai kuma 1986. Daga 19 ga Mayu na wannan shekarar aka rufe littafin: duk mashingar da aka ƙera bayan ranar, farar hula ba shi da ikon sayenta. Waɗanda ke hannun mutane yau tsofaffi ne, wasu tun na yaƙin duniya na biyu, suna ta zagayawa tsakanin masu tara kayan tarihi, ba a ƙara ko ɗaya, sai dai wata ta lalace adadin ya ragu. Shi ya sa mashingar M16 ɗaya mai takarda ke cin dubban daloli masu yawa, kuɗin sabuwar mota. Wanda ya zuba irin wannan dukiya a akwatin ƙarfe yake kulle ta, ya riƙa shafa mata mai, ya fito da ita jefi-jefi ya yi wa abokai burga. Ba ya rataya ta ya tafi rakiyar kaya. Dillalai kuwa, waɗanda ke da lasisin tarayya kuma suke biyan haraji na musamman duk shekara, suna iya riƙe sabuwa, amma galibi sai da wasiƙar wata rundunar 'yan sanda da ke son a gwada mata, kuma ran da dillali ya ajiye sana'a dole ya rabu da ita. Jihohi irin su New York ma sun hana farar hula gaba ɗaya.

To, duk wannan tsari a kan me ya tsaya? A kan littafi. Kowace mashinga da lambarta, da sunan mai ita, da gidan da take kwana. Mu nan Ghana fa? Binciken da aka yi a 2014 ya ƙiyasta ƙananan makamai miliyan 2.3 a hannun farar hula, kuma kusan rabinsu ba su da rajista. Cikin masu rajistar ma, na san mutane a unguwannin Aboabo da Asawase, nan Kumasi, da takardarsu ta mutu tun shekaru, alhali doka ta ce a sabunta duk shekara. Uba ya rasu, bindiga ta shiga gado tare da randa da tabarma, ba wanda ya je ya sauya suna. Dokar makamanmu kanta ta 1962 da 1972 ce, an yi ta ne kafin a haifi yawancin masu wannan kiran. Wanda ya kasa ƙirga awakin da ke garkensa, yaya za a ba shi kiwon kura?

Akwai kuma abin da samari ba sa lissafawa. AK-47 tana fitar da harsashi kusan 600 a minti ɗaya, gidan harsashinta mai cin 30 kuwa cikin daƙiƙa 3 ya ƙare in aka danne kunama. Bakinta ɗagawa yake yi sama, ko sojan da aka horar sai ya yi da gaske. Yanzu a ɗauki yaron mota a firgice, tsakar dare, yana saman buhunan goro, ga bas cike da fasinja a bayansa. Wa zai harba? Tawa mai baki ɗaya, kafin in karya ta in sa wani harsashi, na samu lokacin da zan gane ko wanda ke gabana ɓarawo ne ko manomi mai dawowa daga gona.

Kuma ai ba mu rasa ganin aikin AK-47 ba. Mutanen Bawku, garin da ya sha rikici a arewa, sun san ƙararta fiye da mu duka. Nan Kumasi, a Disambar 2015, 'yan sanda sun fito da tarin bindigogin AK-47 da G3 daga wani gida a Alabar, unguwar da 'ya'yanmu ke ratsawa zuwa makarantar allo. Ban ji wanda ya ce hankalinsa ya kwanta da ya ji suna kusa da shi ba. Ga shi kuma Ghana ta sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 2006, wadda ta hana farar hula riƙe manyan makamai irin na yaƙi.

Abin da nake so shugabannin fatake da sarakunan zango su matsa a kai daban ne. A sa rakiyar 'yan sanda ta zama tabbas a hanyoyin arewa ranakun kasuwa. A sauƙaƙa sabunta lasisin bindigar farauta, a kai shi gundumomi, don mai gaskiya ya daina ɓoye tasa ƙarƙashin gado. Hukumar kula da ƙananan makamai, wadda aka kafa da dokar 2007, ta shigo zango ta zauna da limamai a yi bayanin yadda ake sauya sunan bindigar gado. Ministan cikin gida, Alhaji Muntaka Mubarak, ɗan majalisar Asawase ne, ya san lungunan nan, ba sai an yi masa tafinta ba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani mai fataucin goro,
Aboabo, Kumasi.