Wasiƙa daga Panteka

Panteka, Kaduna.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen Damagaram. Saƙonka ya iso tun kafin salla. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, hasken walda ne ya kama mini ido, na yi kwana uku kamar an watsa mini yashi a ciki.

Maganar ɗanmu da kake son ya zo ya koyi walda, ka turo shi, ɗaki na nan. Sai dai kada ka ji ana ta cewa masu walda sun yi ƙaranci ka ɗauka duk wanda ya kunna inji ya yi arziki. Irina ba mu yi ƙaranci ba. Ka zaga Panteka ka gani, kowane lungu tartsatsi ne ke tashi: ƙofa, taga, gadon ƙarfe, injin niƙa. Wanda ake nema ruwa a jallo shi ne mai waldar bututun mai da gas, mai takardar shaida.

Ka dubi bututun gas da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020, daga Ajaokuta ya bi ta nan ya nufi Kano. Tsawonsa kilomita 614, faɗin bakinsa inci 40. Kowane gutsure bai wuce mita 12 ba, to lissafa da kanka mahaɗa nawa ke nan. Kuma ana haska mahaɗar da na'ura kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. In an ga 'yar ƙofa ko tsaga a ciki, a sassake a sake. Ku ma kun ga naku na ɗanyen mai, wanda ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, kusan kilomita 2,000. Haka matatar Ɗangote ta Lekki da aka buɗe a 2023, ai da ma'aikatan Indiya da yawa aka gina ta.

Ni kaina na taɓa zuwa gwajin wani kamfani. Aka kafe bututu a karkace, digiri 45, aka ce ba juyawa, sai dai kai ka zaga shi, ka fara da waldar agon, wato mai amfani da iskar gas ta agon, ka rufe da ta sanda. Shekara ashirin ina wannan sana'a, amma da hoton ya fito sai da na sunkuyar da kai. Ba wanda ya taɓa koya mana karanta zane, balle sanin wane ƙarfe ke son wane zafi. Ogana, Allah ya jiƙansa, da ido da kunne ya koya mini, shi ma haka aka koya masa.

Ga kuma yara ba sa zama. Cikin shida da na ɗauka bara, biyu suka rage. Sauran sun koma tuƙa Keke Napep, kuma ban ga laifinsu sosai ba: can kullum da kuɗi a aljihu, nan kuwa shekara uku kana goge tsatsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, rabin ribar aiki janareta ke cinyewa, me zan ba yaro ban da kuɗin abinci?

Don haka ga shawarata. Ya yi shekara biyu a wajena hannunsa ya faɗa, amma kada ya yar da boko, musamman lissafi. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE, da hedikwatarta ke nan Kaduna, tana da tsarin gwada mai sana'a a ba shi takarda ko da a bakin titi ya koya. Daga nan in Allah ya hore, mu haɗa kuɗi ya je makarantar koyon aikin man fetur ta PTI da ke Effurun a jihar Delta. Faransancinsa ma riba ce.

In zai taho, ya zo da takalmi mai rufi da riguna na auduga masu kauri, ban da na roba, wuta na narka su a jiki. Gilashin fuska ni zan saya masa na gaske, ba baƙin tabarau irin wanda ya ɓata mini ido ba. Ka sa masa kilishi a jaka, uwargida ta ce in tuna maka.

A gaida Hajiya.

Naka amini.