Bankuna da kula da muhalli: a duba inda bashi yake zuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wannan yayi da bankuna suka shiga na kula da muhalli. Yanzu sai ka ga sola a saman rufin reshe, na'urar cire kuɗi ta daina ba da rasit sai ka nema, bayanin akawun ma ta imel ake turowa. Wallahi abu ne mai kyau, su ma suna ƙaruwa don kuɗin wuta da takarda ba ƙaramin cinye riba yake ba.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Hayaƙin da banki ke fitarwa da kansa kaɗan ne, ɓarnar tana cikin bashin da yake bayarwa. Ƙungiyar CDP, mai tattara bayanan hayaƙin da kamfanoni ke fitarwa, ta fitar da rahoto a 2021 cewa hayaƙin ayyukan da cibiyoyin kuɗi suka zuba wa jari ya ninka na ofisoshinsu sama da sau 700. Toh manajan da ya kashe fitilu kafin ya tashi aiki, amma da rana ya sa hannu aka ba kamfanin da ke juye dagwalon sinadari a kogi rance, me ya gyara kenan?

Kuma abin kan bankin yake komawa, wannan shi ne ya fi damuna. Kamfanin lantarki na PG&E a Amurka ya bayyana karyewa a Janairun 2019 saboda diyyar biliyoyin dala ta gobarar daji da aka ɗora wa wayoyinsa alhakinta. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33, manomin da gonarsa ta nutse da me zai biya bashi, ga iyali ga asara, kuma duk bashin da ya maƙale ai kuɗin masu ajiya ne irinmu.

Ƙa'idoji kam akwai su. Tun 2003 aka kafa ƙa'idojin Equator na tantance manyan ayyuka kafin a ba su kuɗi, a 2019 kuma bankuna 130 suka rattaba hannu kan ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na aikin banki mai kula da muhalli da al'umma. Sai dai alkawarin ganin dama ba ya ɗaure kowa, manyan bankunan Amurka shida ciki har da JPMorgan da Citi sun fice daga ƙawancen bankuna na rage hayaƙi da aka kafa a 2021, tsakanin Disambar 2024 da Janairun 2025.

Shi ya sa nake roƙon manyan bankunan ƙasashe, wato masu sa ido kan sauran bankuna, su sa doka kamar yadda na Bangladesh ya yi tun 2011. Jami'in bashi ya taka da ƙafarsa ya ga inda masana'anta ke zubar da ruwanta kafin fayil ya wuce, sannan duk shekara a wallafa nawa aka ba harkar kwal da fetur, nawa aka ba sola da noman rani, mu masu ajiya mu gani da idonmu.

Na gode.

Naku,
Wani mai ajiya a banki