Wasiƙar Babbar Sallah daga Grenoble zuwa Garwa

Zuwa ga Baba da Inna da dukkan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi layyarmu, ya maimaita mana, ya dawo da alhazanmu gida lafiya.

A nan Faransa yau ranar aiki ce kamar kowace rana. Na nemi izinin safiya na je Idi a wani babban zaure da aka yi haya, tare da mutanen Aljeriya da Maroko da Senigal da wasu 'yan'uwanmu na Cadi, aka idar na koma ɗakin bincike. Doka ba ta yarda mutum ya yi yanka a gidansa ba sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, don haka mai layya yakan biya mahauci ne ya karɓo namansa a yanke, bai kiwata ragonsa ba, bai ma gan shi da ido ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne suyar gobe. Na san tun da hantsi za a girka babbar tukunyar nan a tsakar gida, a fara narkar da kitse, Inna tana zaune a kan kujerarta da doguwar matsami, ba ta yarda kowa ya kwashe nama sai ya yi ja ya bushe yadda zai yi watanni bai lalace ba. Na san yara za su yi ta zagaya murhu ana korarsu suna dawowa, kuma Goggo za ta ware ƙashin haƙarƙari ta barbaɗa masa yajinta ta ɓoye wa wanda ta ga dama. Shekarun baya ni ce wadda take ɓoye wa. Akwai nama a nan, mai kyau ma, amma a ƙaramin kasko a kan murhun lantarki ba ya ba da wannan ƙamshin, kuma babu gidan maƙwabta da zan aika wa da kwano.

Baba, ka tambaye ni abin da ya hana ni zuwa, kuma Yaya ya ce kana rasa amsar da za ka ba mutane idan sun ce wace irin dakta ce wadda ba ta duba marasa lafiya. Ni daktar karatu ce, ba ta asibiti ba. Wanda ya gama digirinsa na uku yakan yi wasu shekaru yana bincike a ƙarƙashin wani babban malami, bisa kwantiragi gajere, kafin ya samu gurbinsa na kansa. A wannan matakin nake.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai zaren gado da ake kira DNA, wanda in an miƙe shi zai kai wajen mita 2, alhali ɗakin da yake ciki faɗinsa wajen kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne. Allah ya tsara shi a naɗe, kamar yadda Goggo take naɗe zare a jikin mazari: haruffa 147 na zaren (wato ƙananan gaɓoɓin da aka jera suka yi shi) suna zagaye dunƙule ɗaya na furotin guda 8 da ake kira histon, zagaye kusan biyu, sannan a bar ɗan fili a sake wani naɗin. Roger Kornberg ne ya bayyana wannan tsarin a 1974, kuma a 1997 Karolin Luger da Timothy Richmond suka fitar da cikakkiyar siffarsa a Zurich. To, abin da aka naɗe ba ya karantuwa sai an warware shi, shi ya sa jiki yake da wasu manyan furotin masu matsar da dunƙulen gaba ko baya, ko su ture shi gaba ɗaya, domin a buɗe wurin da ake buƙata. Suna ƙona makamashin ƙwayar halitta mai suna ATP, suna jan zaren kusan harafi ɗaya a kowane taki. Zuriya huɗu ta waɗannan manyan furotin ce aka sani, ni kuwa ina aiki a kan wadda ake kira SWI/SNF, wadda aka fara ganowa a cikin yisti. An samu cewa wajen kashi 20 cikin 100 na cututtukan daji na ɗan Adam suna ɗauke da lahani a wani sashe nata, har da wani mugun daji da ke kama ƙananan yara.

Aikina shi ne in ga siffarta a lokacin da take riƙe da dunƙulen. Nakan ɗiga ɗigon ruwan da furotin ɗin ke ciki a kan wata 'yar raga mai faɗin milimita 3, a tsane shi da takarda har ya zama shafi-shafi, sannan a tsoma ragar cikin ruwan itan (wata iskar gas da aka sanyaya har ta zama ruwa) mai tsananin sanyi da saurin da ba zai bar ƙanƙara ta yi ƙwaya ba. Daga nan sai a ajiye ta cikin ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifiri. 'Yar Garwa da ta girma cikin zafin Afrilu, ga ta yanzu da safar hannu mai kauri a bakin wannan tulun. Madubin ilektaron, wato na'urar da ke nuna abubuwan da suka fi ƙarfin ido da madubin ƙara girma na yau da kullum, yakan ɗauki dubban hotuna, kwamfuta ta tsinto siffofin furotin ɗin ɗaya bayan ɗaya ta haɗa su. Wannan hanyar ce ta sa aka ba Jacques Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson kyautar Nobel a 2017. Wahalar ita ce furotin ɗin yakan wargaje kafin ya daskare, kuma sassansa masu motsi, waɗanda su ne muka fi son gani, su ne suke fitowa dishi-dishi. Madubin kuwa kuɗinsa miliyoyin yuro ne, layi ake bi a kansa, kuma rabona ya faɗo ne a makon nan. Da na bar shi, da sai na sake jiran watanni, ga kwantiragi yana tafiya.

Ba magani nake haɗawa ba, Baba, kuma ba na son a gaya wa kowa haka. Amma mai neman magani ba ya sanin inda zai nufa sai an nuna masa siffar abin da ya lalace, kuma a ganina wannan ya isa dalilin da mutum zai ba da shekarunsa. Duk siffar da aka warware ana sa ta a rumbun intanet kyauta, ta yadda ɗalibi a Jami'ar Ngaundere ko ta Marwa zai iya nazarinta da kwamfutarsa, kuma can nake fatan komawa in koyar in Allah ya yarda.

A gaida Kawu da Baffa da iyalansu, da Malam, da maƙwabta baki ɗaya. A gaida Yaya da amarya. Goggo kuwa, Inna, ki je ɗakinta da kanki ki riƙe hannunta ki ce ina gaishe ta, ki tambaye ta ciwon gwiwarta, ki ce mata ta rage zama kusa da hayaƙi gobe, kuma ta ci gaba da sa ni cikin addu'arta ta asuba. Auta ta riƙe karatunta da kyau, ta kuma ɗauko mini hoton dawakin Lamiɗo. Goron Sallah na yara yana hannun Yaya. Kada a ba kowa nama ya kawo mini, domin za a ƙwace shi a filin jirgi; in an samu mai zuwa, yajin Goggo kawai nake so.

Wassalam,
'Yarku mai neman albarkarku